Watannin da Aka Hana Ni Tuƙa Tuwo

A shekarar da tsadar abinci ta kai mutane ga awon masara da gwangwani, ni da hatsi a rumbu aka hana ni taɓa shi. Har yau idan ina ba da labarin nan sai in ji kamar ƙarya nake shararawa.

Mijina, wanda nake kira Malam, yana koyarwa a wata firamare ta wajen Gezawa, yana kuma noma gonar gado kamar kowa a ƙauyenmu. Ciwon suga ya kama shi shekara biyu kafin nan. Bayan kaka ƙaya ta soke shi a yatsan ƙafa, wurin ya ƙi warkewa. Kullum sai na wanke masa da ruwan gishiri, kullum kuma mikin yana nan a jiƙe. Da wannan ciwon aka yanke wa yayansa ƙafa daga gwiwa, don haka ba sai an gaya mini abin da muke tsoro ba.

Wata rana ya dawo daga makaranta ya zaunar da ni. Ya ce wani abokin aikinsa ya nuna masa wata hanyar cin abinci a waya, wai ita faliyo. Wai mutanen farko, tun kafin a san noma, ba su san ciwon suga ba, don haka abin da suka ci shi za mu koma ci. Babu gero, babu dawa, babu masara, babu shinkafa, babu wake, babu nono. Na tambaye shi to me ya rage a duniya. Ya ce nama, kifi, ƙwai, ganye da 'ya'yan itace. Na ce su mutanen farkon nan a wace kasuwa suke samun naman, ni ma in je. Bai yi dariya ba. Ya ce tunda ciwon a jininsu yake, yaranmu uku ma za su bi. Inna kaɗai ya tsame, wato mahaifiyarsa, wadda ɗakinta ke ƙetaren tsakar gida, take kuma ɗora 'yar tukunyarta da kanta.

Na amince, don idan tukunyata ce za ta tsare masa ƙafa, wallahi ko ƙasa aka ce in dafa zan dafa. Amma tun ranar farko kaina ya ɗaure. Na dafa zogale na ɗauko ƙuli-ƙuli zan yi kwaɗo, ya ce in ajiye, wai gyaɗa 'yar uwar wake ce. Ikon Allah. Shekara talatin ina cin gyaɗa ban san tana da dangi ba. Man gyaɗa ma ya bi ta, sai manja. Dankali ya halatta ranar Litinin, ranar Alhamis ya haramta, saboda wani a cikin wayar ya ce ba haka ba. An yarda da zuma, an hana rake. Fara kuwa an yarda da ita, ita kaɗai ce ta sa yara murna. Na yi ta yanka kajina ɗaya bayan ɗaya, sai ga shi babu mai saka ƙwai. Na ce masa ya tambayi wayar, kazar ake so ko ƙwan, don ni duka biyun ba za su samu ba.

Miyar kuka nake kaɗawa mu sha da cokali, babu tuwo. Ƙaramar 'yata ta kan leƙa tukunya ta tambaye ni yaushe za a kawo abincin, alhali shi ne a hannunta. Ina jin haka sai in juya mata baya in yi kamar ina gyara wuta.

A ƙauye ba a ɓoye irin wannan. An daina jin ƙarar turmina, an daina ganin ƙwaryata a wajen injin niƙa, kuma an ga ina jiƙa busasshiyar tafasa tun damina ba ta ko kusa ba. Kowa ya san gidan da ke haka. Wata maƙwabciyata, wadda na san sau ɗaya a yini ake ɗora tukunya a gidanta, ta shigo da kwanon dawa a ƙarƙashin mayafi, ta ajiye bayan ƙofa, ta ci gaba da hira kamar ba ta kawo komai ba. Kunya ta kusa kashe ni. Na yi mata bayanin mutanen farko iya yadda na gane, wanda ba wani yawa ba ne. Ta dubi rumbunmu, ta dube ni, ta ce Allah ya ba Malam lafiya. Na san da ni ma take.

Akwai abu ɗaya da ban daina ba. Malam ya ce kalwa ma dangin wake ce, don haka babu daddawa. Ni kuwa ban san yadda ake miya babu daddawa ba, hannuna ma ba ya yarda. Sai na riƙa gutsurar 'yar kaɗan ina jefawa idan ba ya nan.

Wata na uku yatsan ya fara baƙi, wari ya fara fita ta cikin tsumma. Hankalina ya tashi. Na ce shi ke nan, ni ce, daddawata ce. Kwana biyu ba na iya haɗa ido da shi. Rana ta uku da safe ya ɗingisa zuwa ɗakin Inna gaisuwa kamar kullum, na bi bayansa, na ce gara in faɗa a gabansu su biyu, a yi mini duk abin da za a yi.

Na ɗaga labule na same shi a durƙushe da ƙwaryar fura a hannu, ludayi a baki. Inna tana zaune tana kallonsa.

Ban san lokacin da na ce, "Malam, wannan fa?" ba.

Inna ce ta amsa. Ta ce tun ranar da na daina daka take dama masa, don ba za ta zuba ido ɗanta ya tafi aiki da ruwan ganye a ciki ba. Ta ce ta ɗauka rowa ce ta kama ni, ko wani sabon yayi na matan zamani. Malam ya ajiye ƙwaryar bai ɗago kai ba.

"Da wace fuska zan ce wa Inna abin da ta raine ni da shi ne yake cutar da ni?" in ji shi.

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na rasa wanda zan yi fushi da shi, tunda ni ma da nawa laifin na shigo. Na faɗi maganar daddawar. Inna ta ce to da me ake miya in ba ita ba. 

A ranar muka shiga motar Kano. Likitar da ta duba shi yarinya ce, ba za ta girme wa ƙanwata ba. Ta kwance tsumman, fuskarta ta canza. Tana tambayar me yake ci, na hau zuba: faliyo, zogale, fura, daddawa, dankalin da aka hana aka kuma halatta. So nake ta nuna mini guda ɗaya ta ce shi ne. Ta bar ni na gama, sannan ta juya wajensa ta tambaye shi yaya yake shan maganinsa.

Ya ce ya daina.

Ta ce tun yaushe. Ya ce tun kaka. Maganin ya yi tsadar da ya fi ƙarfinsa, ga hidimar gida, ga ta Inna, sai ya yi fatan ko ganyen zai tsaya masa a madadinsa. Bai gaya wa kowa ba don kada a sayar da hatsin rumbu a kansa, yara su shiga damina babu abinci.

Yatsu biyu aka cire masa, ƙafar ta tsira. Da aka fito da shi daga tiyata na zauna a bakin gadon ina riƙe da takalminsa guda ɗaya, na rasa inda zan ajiye shi. Wata uku ina bin kowane ganye da tambaya, ina tsoron ɗan gutsuren daddawa, amma ko sau ɗaya ban buɗe baki na ce, Malam, ka sha maganinka yau, ba.