Hannun Injin Bahago

Mun tashi da asuba daga Mafara, mu huɗu, da injin ɓarar gyaɗa ɗaure bayan a-kori-kura. Furojet ɗinmu ne na Poli. Mu biyar munka fara shi. Na biyar ɗin, ɗan Janbako, zazzaɓi ya ɗauke shi ana tsakiyar aiki. Ni dai a gurup ɗin aikina ɗaukar ƙarfe da surutu, lissafi sai dai in gaishe shi daga nesa.

Marigayin shi ya zana injin, kuma ya kafe sai a liƙa hannun juyawa ta hagu. Dalilin da munka laƙaba mai Injiniya Bahago ke nan, ko da yake da dama yake cin tuwo. In an tambaye shi dalili sai ya yi dariya. Malam ya ce mu gwada injin a ƙauye, mu dawo da shi, mai walda ya mai da hannun zuwa dama, in ba haka ba babu maki.

Direba ya caje mu kamar injin ma fasinja ne. Hanya kuwa rami na miƙa mu ga rami, 'yar Bakura da ke cikinmu ta rungume injin tana salati. Mun karya da koko da ƙosai, ƙosan ya ƙanƙance kamar shi ma yana jinya.

A Janbako munka yi gaisuwa mai tsawo, anka kawo fura da hoce. Sai innar marigayin ta fito. Hannunta na dama a shanye yake, naɗe cikin zane. Babu wanda ya kalli wani.

Ta zauna, ta kama hannun injin da hagu, ta juya. Gyaɗa ta zubo fes. Ta ce, "Ya ce min yana tahe da abin da zai hutar da ni. Ashe ku ne za ku kawo shi, 'ya'yana."

Shugaban gurup ya ja ni gefe, wai in munka bar mata injin, makinmu fa. Na ce mai ni da kari-oba mun saba, gida ɗaya muke kwana. 'Yar Bakura ta naɗe igiyar ɗauri ta jefa a mota.

Mun dawo Mafara kafin la'asar, bayan mota wayam, ba abin da ke ƙara sai igiya. Malam bai ji labari ba tukuna. Abin da na koyo dai, in abokin aiki ya kafe a kan abu, ka tambaye shi don wa yake yi, tun yana nan.