Haƙoran Goggo

Ranar zaɓen mutanen ƙasar nan da muke zaman baƙunci a cikinta na sauka kedai, shagon abincin da ke ƙasan benenmu a Pantai Dalam in yi tapau, wato in sayi abinci in hau da shi gida, sai na ga yatsan matar da ke zuba mini shinkafa ya rine da tawada. Ta ga ina kallo, ta ɗaga shi tana murmushi. Nan take Goggo ta faɗo mini.

Yayar kakana ce, goggon Baba, shi ya sa duk gidan haka muke kiranta. Ɗakinta ne na ƙarshe, kusa da rijiya, kullum yana ƙamshin turaren wuta da man shanu. Ba ta da haƙoran gaba. Mu yara mun ɗauka tsufa ne. Sai daga baya na tsinci zancen a bakin mata wajen surfe. A zamanin da matan Arewa ba su da ƙuri'a, ta riƙa bin gida-gida tana cewa su ma a ba su. 'Yan doka suka tarwatsa taronsu da kulki, aka kai ta gidan yari, mijinta ya sake ta tana can. A gidanmu ba a ɗauki wannan abin alfahari ba. In baƙo ya tambaya, Baba kan yi ƙasa da murya ya ce, "Ta taɓa siyasa da ƙuruciya."

Na tuna wani zaɓe da damina. Ruwa na zuba tun asuba, lungu ya cika da taɓo. Ta ɗaura zanen sallarta, ta ɗauki sanda. Inna ta ce, "Goggo, ki bari ya ɗauke mana."

Ta ce, "'Yar nan, da haƙorana na sayi ƙuri'ar nan." Ta fita.

Mai abincin ta tambaye ni yaushe mata suka fara zaɓe a wajenmu. Ni da nake digiri na uku, sai na ce zan duba. Kunya ta hana ni ɗaga ido.

Da na hau sama na ba 'yata labarin. Ta amsa da Turanci, wai za ta rubuta shi a makaranta, mene ne sunan matar? Sai a lokacin na gane ban san sunanta ba. Na kira Inna a waya. Ta ce ita ma tun da aka kawo ta gidan, "Goggo" ta ji ana cewa, waɗanda suka sani kuwa duk sun rasu.

Yau 'yata tana jero sunayen matan Turai da suka yi wannan gwagwarmaya, a aji aka koya musu. Da ta zo kan tamu, "Goggo" kawai ta rubuta.