Fankar da Ta Juya wa Mai Jego Baya

Wallahi jama'a, tun cikin mota nake jin kamar in fiddo waya in rubuto muku wanga labari! Kun san ni da sola da fankoki, ba wanda ya koya mani, kallon bidiyo ne da ƙona kayan mutane har na iya. To wagga tafiya ta Goronyo ta nuna mani abin da ban taɓa gani a bidiyo ba.

Adda, yayata da ke aure can, ita ta haihu. Bayan suna mijinta ya kira ni, murya ba daɗi. Jaririyar ba ta barci, ba ta kama nono sosai, jikinta duk ƙuraje. Sun kai ta asibiti, malamar ta ce zafin ɗaki ne, a samo mata iska tun ruwan jikinta bai ƙare ba. Ɗakin kuwa na san shi. Bara anka rushe soron ƙasa anka buga kwano, ba silin, ga mu tsakiyar bazara.

Da can da asuba ake tashi, yanzu saboda rashin tsaro hanyarmu sai gari ya waye tas. Munka bar Rabah ni da wani abokina, da faifan sola, da batir, da ƙaramar fanka, da wata babba mai ruwa wadda nake ji da ita. Direba ya dubi kayan ya ce ko amarya za mu kai. Ya ƙara mana kuɗin mota kamar amaryar na ciki.

A hanya ina ta lissafi. Gidajenmu ba irin manyan otal ba ne da ake bi da sanyi ta bututu cikin silin. Abin da muke da shi kaɗan ne. Akwai esi na bango, ƙaramar huda kawai yake so, amma ina wutar da za ta ɗauke shi? Na taga ma haka. Saura fanka mai ruwa, wadda ke jawo iska ta cikin jiƙaƙƙen soso. Ita ce daidai da busasshen zafinmu, in dai an bar taga buɗe, kuma sola na ɗaukar ta. Na gama yanke hukunci tun ba mu yi nisa ba.

Wajen Wurno munka tsaya canza mota. Munka ci waina da miya mai yaji, munka sha ruwan randa da ya fi na leda sanyi. Ko'ina warin albasa da tafarnuwa. Albasar ta yi araha, shi ya sa manoma ke ɓoye ta a rudu, wato gadon kara da ake ɗagawa sama da ƙasa a rufa masa ciyawa. Don tsabar son sani na tura hannu ciki. Sanyi! Ba wuta, ba batir. Rana ba ta taɓa albasar, iska kuma na ratsawa ta ƙasa ta fice. Na ce ikon Allah, na wuce.

Mun shiga Goronyo rana na tsaka, kasuwa cike da buhuna da jakuna da masu kifin dam. Da na sa kai ɗakin Adda sai da na ja baya. Kamar tanda. Kwano na huci daga sama, tagogi biyu a rufe, ga kaskon garwashi a gefen gado. Adda na zaune zufa na bin wuyanta, jaririyar na wani kuka marar ƙarfi da har yanzu ina jin shi a kunnena.

Na fara kwance kaya, sai ga Goggo, ƙanwar babanmu, wadda ta zo yi wa Adda wankan jego.

"Kai, mi ka kawo muna?"

"Fanka ce Goggo, har da mai ruwa."

"Hwanka? Ga mai jego? Sanyi kaka so ya shige mata ƙashi? Maida tarkacenka waje, ɗan nema!"

Na yi bayanin malamar asibiti, na yi na bidiyo. Ta ce bidiyon ya taɓa haihuwa? Mijin Adda ya sunkuyar da kai, don ba shi iya ja da ita. Da ta huce ta zauna bakin ƙofa ta faɗa mani abin da ban sani ba. Tana budurwa yayarta ta haihu, ta kumbura, ta rasu kafin arba'in, kowa ya ce sanyi ne ya kama ta. Tun ranar ta yi alkawarin ba mai jegon da za ta mutu a hannunta don sakaci. Nan na gane. Ni ina jin tsoron kada mu rasa jaririya, ita tana jin tsoron kada mu rasa uwar.

Na fita bayan ɗaki na tsaya ina kallon kwanon nan, sai rudun Wurno ya faɗo mani a rai. Ba wanda ke yi wa albasa fifita. Rana ake tare mata, a ba zafi hanyar fita.

Na dawo na durƙusa. "Goggo, in fankar ba ta kallon Adda fa? In waje take kallo, ta kwashe zafin kwano da hayaƙin garwashi ta fidda?"

Ta dubi taga. "Ta ba ta baya kenan?"

"Baya za ta ba ta."

"To in gani. Amma in na ji iska ta taɓa ta, da muciya zan sauke ta."

Munka shiga kasuwa munka sayo zana. Da la'asar, da kwano ya huce, ni da abokina munka hau munka jera itace, munka shimfiɗa zanar bisa, da tazara a tsakani don iska ta ratsa. Ƙaramar fankar na ɗaure ta a tagar sama, fuskarta waje. Ɗaya tagar, ta gefen inuwar darbejiya, Goggo ta yarda a buɗe rabi. Kaskon kuwa da kanta ta fidda shi, ta ce sai bayan wankan safe.

Washegari da azahar, lokacin da ɗakin ya saba zama wuta, na shiga. Ba zan yi muku ƙarya ba, ba sanyin esi ba ne. Amma mutum na iya zama ya yi numfashi. Goggo ta ɗora tafin hannu a kan zanen Adda don ta ji ko iska na kaɗa shi. Bai motsa ba. Jaririyar kuwa ta kama nono ta sha har ta saki da kanta, barci ya ɗauke ta baki buɗe. Adda ta dube ni, idonta ya cika.

Da za mu taho na je ɗaukar fankata mai ruwa, na iske ta a rumfar Goggo tana aiki, Goggo na miƙe gabanta.

"Goggo, ba ke kika ce sanyi na shiga ƙashi ba?"

"Ni jego nike? Aje muna abinmu, Allah shi kai ku lahiya."

Mun iso Rabah kafin magariba, hannu biyu ba kaya. A hanya na yi ta tunani: na tafi da amsata a ɗaure cikin kwali, ban tambayi ɗakin ba, ban tambayi masu ɗakin ba. Kafin ka sayi na'ura, dubi rufinka, dubi ta inda zafi zai fita, ka kuma saurari tsoron wanda zai kwana ciki. Jiya Adda ta kira ni, ƙurajen sun fara bushewa.

Ku da ke cikin ɗakin kwano, da mi kuke tare zafin bana? Ku faɗa mani, don ni yanzu ba ni da fanka.