Tokar Gogo Tani

Kawu Nomau ƙanen uwata ne, kuma haƙar rijiya ce sana'arsa tun yana saurayi. Daga Sae Sabuwa har Gidan Rumji da wuya ka sha ruwa a ƙauye ba ka sha guminsa ba. Gajere ne, ga taurin kai, ga rowar magana. In ka gaishe shi sau biyu sai ya ga ka cika surutu. Abin haushi, mu 'yan garinsu ba mu da rijiyar kirki. Mu mata mu ke shan tafiya fadama da tulu a ka, ni kuwa ban taɓa fasa yi masa gori ba.

Shekarar da Nijar ta samu 'yancin kai ƙarfinsa ya fara ja da baya, sai ya ce zai haƙa ta ƙarshe, a gida. Rani guda ya yi cikin ramin nan. Ranar da ya cim ma ruwa mun yi guɗa har muryata ta dushe.

Ba a jima ba sai ga Mushe Hayatu (Mushe shi ne malam a bakin Faransawa), ma'aikacin lafiya daga Gidan Rumji, bisa keke. Aikinsa duba sababbin rijiyoyi. Yana da wani tsohon akwatin katako da Turawa suka bari, ciki da 'yan kwalabe sirara da faifan gilashi mai launi-launi. Yakan zuba ruwa a kwalba, ya ɗiga magani, ruwan ya sake launi, sai ya ɗaga a rana ya gwada da gilashin. In ya yi kore, to a sha. In ya kauce da yawa, rijiya ta rufu ke nan.

Ya sauka zauren Kawu a gajiye, ya ce a kawo masa ruwan rijiyar. Gogo Tani, matar Kawu, ta kawo cikin sabuwar ƙwarya, garau da shi. Ya zuba, ya ɗiga magani. Ruwan nan ya koma shuɗi kamar na marina. Ya sake, haka dai.

Ya ce, "Baba, ruwan ga ba shi shawuwa. Dole a rufe ta, in kai labari buro, wajen manyana."

Kawu ya tashi ya tafi bakin rijiyar ya zauna, yana kallon ciki. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Mutumin da ya shayar da garuruwan wasu, yau za a ce garinsu ya haƙo wa guba, kuma ba shi da sauran ƙarfin haƙa wata.

Gogo Tani kuwa ba baƙin ciki ta yi ba, fushi ta yi, kuma da akwatin take. Ta tsaya ƙofar zaure, hannu a ƙugu.

"Wanga wane irin akwati ne mara kunya? Ruwan da ni gyara da hannuna? Da ka gane shi sa'ad da munka jawo, jawur da laka! Toka ni barbaɗa mishi, laka ta kwanta, ni tsiyaye. Ko ana ba baƙo ruwa da laka?"

Mushe Hayatu ya dafe kai. "Toka, Inna? Ai akwatin bai yi ƙarya ba, tokarki ya gani. Laihina ne da ban je na jawo da kaina ba."

Muka ɗunguma bakin rijiya, gari duka. Ya zura guga ya jawo, ya tace da ƙyalle mai tsabta, ya zuba, ya ɗiga magani. Ni dai rufe ido na yi, ina ta salati. Da na buɗe, yana riƙe da kwalbar a rana, kore shar, daidai da gilashin tsakiya.

"Baba, ruwanka lahiya lau. A sha."

Wallahi sai na ji kamar an sauke mini dami. Mata suka ɓarke da guɗa. Kawu ya yunƙura ya tashi. Ya jawo gugan da hannu biyu ya kafa kai, ya sha har ruwa na bin gemunsa. Ya daɗe yana mayar da numfashi, sannan ya dubi matarsa.

"Tani, daga yau ko kumandan mai mulkin yankin ga ya zo gidan ga, ki ba shi ruwan da lakarshi."