Da Sunan Malam Umaru Na Yi Sata

Ni 'yar Bodinga ce, mahaifina tela ne. Da na gama sakandare, a ƙarshen mulkin farar hula, na samu aikin buga takardu a wani ofishin aikin gona. Kwamfuta ɗaya ce babba, mu shida muke amfani da ita, kowa da allonsa da iyakar abin da zai iya taɓawa. Malam Umaru, mutumin garin Shagari, shi kaɗai ke da ikon taɓa komai a cikinta.

Injin buga takarda ya cika maƙalewa, kullum sai an kira shi. Ran nan ya ce, "Ɗiyata, na gaji da hawa da sauka. Na buɗe miki umarni guda a kwamfutar, ki riƙa tayar da injin da kanki."

Cikin mako biyu na gano cewa ta wannan umarnin ina iya shiga ko'ina, kuma duk abin da na yi, sunansa ke fita. Ban gaya masa ba, na ce sai gobe.

Lokacin taki ya yi wuya. Na fara da sa sunan kawuna a jerin masu karɓa da ke cikin kwamfutar. Sai wani ɗan kasuwa ya kawo mini atamfa don in sa sunansa. Jerin ba ya ƙaruwa, in za ka sa ɗaya sai ka goge ɗaya. Na goge manoman Kajiji da ban taɓa gani ba.

Da soja suka hau, aka zo bincike. A gabana aka fita da Malam Umaru, hularsa a hannu. Ya dube ni ya ce, "Ki kula da injin." Ban ce ni ce ba.

Wata uku yana tsare kafin a gano an yi wasu goge-gogen ranar da yake kwance a asibiti. Aka bi diddigi aka zo kaina, na yi shekara biyu a gidan yari.

Da na fito na tuba, na je Shagari. Na same shi ya rame, ba aiki. Na durƙusa, na roƙi gafararsa.

Ya ce, "Na yafe miki. Amma uwata ta rasu ina ciki, tana zaton ɗanta ɓarawo ne. Wanga ban san yadda za a gyara shi ba."

Ƙannena, in aka ba ku iko kuka ga ya wuce abin da aka yi nufi, ku faɗa a ranar. Ni kwana ɗaya na ce zan jira.