Neman Haɗin Shayin Baba a Gulma

Shekarar da ambaliya ta cinye shinkafar fadama, ita ce shekarar da teburin shayina na unguwar Gesse a Birnin Kebbi ya kusa mutuwa. Na koma sayen garin kayan ƙamshi na leda saboda sauƙi, sai masu shan shayina suka fara janyewa. Malam Bello direba, wanda ya fi kowa daɗewa a bencina, ya gaya mini gaskiya: shayin yana kartar maƙogwaro, kuma bai kama ƙafar na marigayi mahaifina ba. Mutum ɗaya ya rage da ya san haɗin Baba, ƙanwarsa Gwaggo Hajo da ke garin Gulma, kusa da Argungu. Na ƙudura in je in koyo. In hakan bai dawo mini da mutane ba, in naɗe tebur.

Birnin Kebbi zuwa Argungu

Na fita bayan sallar asuba, na sami ƙaramar mota a tasha, mu huɗu a baya. Wajen Ambursa gonaki duk laka. A wani shinge jami'i ya leƙa jakata, ya ga buta da rariya da kofuna, ya tambaye ni ko ƙaura nake yi. Na ce makaranta za ni. Ya dubi furfurata, ya yi dariya, ya ce Allah ya ba da sa'a.

Da hantsi na sauka gidan abokina Sani, masunci ne. Matarsa Asabe ta kawo tuwon shinkafa da miyar kifi. Daga nan na shiga kasuwa na sayi ganye iri biyu, baƙi da kore, sannan citta, kanumfari, kimba, masoro da kirfa, duk ɗungurungum, ba dakakke ko ɗaya.

Gulma

Babur ya kai ni kafin azahar. Gwaggo tana kan tabarma, ido ya yi rauni amma hanci yana nan. Bayan gaisuwa na miƙa mata ragowar garin ledar. Ta shinshina, ta ture.

"Wanga ƙasa ta, ɗana. Ubanka bai taɓa daka kanumhwari ba."

Ta sa na hura wuta. Baƙin ganye, in ji ta, namiji ne, yana ɗaukar kaya masu ƙarfi. A farfasa citta da kimba kaɗan da bayan ludayi, a jefa masoro da kanumfari yadda suke, su tafasa su kaɗai har ruwa ya yi ja, sannan ganye ya shiga a sauke. Da na kai hannu zan zuba wa koren ganye citta, sai ta buge mini hannu. Shi kore ba ya son hayaniya: na'a-na'a da ɗan ɓallin kirfa sun ishe shi. Mai madara kuma kirfa da citta, ban da kimba. Sau uku tana zubar da abin da na dafa. A na huɗu ta kurɓa, ta goge ido da bakin zane. Ta tsinko mini na'a-na'a daga bayan ɗakinta.

Komawa gida

Na kwana a Argungu. Da safe ina alwala Asabe ta ɗauki jakata ta kai zaure. A garin nan ba a miƙa wa baƙo tsaraba a hannu don kada ya ce a bari, cusa masa ake yi a kaya. Na san haka, amma ban duba ba.

Sai a gida na buɗe. Bandar kifi ce manya, an naɗe a takarda, zafin mota ya narkar da mansu ya bi komai. Matata Rabi ta dafa ganyen don gwaji, ta ce wannan ai romo ne, saura gishiri.

Ban tayar da hankali ba. Na kankare bayan cittar, na ɗauraye kanumfari da kimba da masoro, na shanya a inuwa. Da na fasa ɗaya, ƙamshin yana ciki lafiya lau. Da gari ne, da sai bola. Na sayi sabon ganye a nan Birnin Kebbi, na dafa, na aika a kira Malam Bello.

Ya zo, ya sha. Ya leƙa gindin kofin, ya miƙo mini.

"Ƙaro, ɗan Malam. Kuma gobe ka aje muna benci biyu."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Gwaggo, na gode wa Sani da Asabe, don kifin ya yi daɗi a miya. Abin da na rasa a tafiyar: ƙunshin baƙin ganye, ƙunshin kore, kirfa duka, na'a-na'ar Gwaggo, da jaka ɗaya da har yau kuliyoyin unguwa ke bi.