Taku Goma Sha Biyu a Tsakar Gida

Duk wanda ya zauna a Samaru shekarun baya ya san Zubaidatu mai shara a ɗakunan kwanan ɗalibai mata, doguwa, mai sauri kamar ta bar tukunya a wuta. Likita ne ya ce hawan jininta na son motsa jiki, ita kuwa ta ja abokiyar aikinta Adenike. Shekara goma sha takwas suna taka hanyar Bomo bayan asuba, suna haki suna gulmar ɗalibai. Zubaidatu takan ce duk ɓacin ran da ta fito da shi, a gonakin masara take baro shi.

Sai mijinta ya rasu, ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma ba fita. Dangi kuma, wai don tausayi, suka hana ta ko taɓa tsintsiya. Abinci ya daina shiga, magana ta ƙafe, sai kallon bango. 'Yarta Ilham ta tsorata ƙwarai, don ta ga hankalin uwar na neman gushewa.

A lokacin Adenike ta yi ritaya, tana zaune da ɗanta Jide a Sabon Gari. Ranar sadakar arba'in ta ga yadda ƙawarta ta koma. Washegari ta hau Keke Napep ta dawo, sanye da takalmin kambas. Yayar mamacin ta tare ta da cewa mai takaba ba ta yawo.

"Gaskiya ne, Hajiya," in ji Adenike, "amma tsakar gida ai gida ne. Maman Ilham, tashi."

Taku goma sha biyu ne daga rijiya zuwa bakin zaure. Kullum da safe suna kai da kawowa, kaji na watsewa. Satin farko tafiyar kawai suke yi. A na biyu Zubaidatu ta yi kukan da ya ƙi zuwa ranar jana'iza, tana tafe, Adenike na riƙe da hannunta. A na uku ta nemi tuwo.

Yanzu Adenike ta koma garinsu Ogbomosho, gonakin masarar sun zama ɗakunan haya, Zubaidatu na bin hanyar ita kaɗai, kewa na cin ta. Sai bara ta haɗu da Jide a unguwar PZ, ya gaya mata tun kafin takabar likita ya hana uwarsa yawan tafiya saboda gwiwa. Lokacin takabar, kullum in uwar ta dawo daga Samaru, shi yake ɗauko ta daga cikin Keke ya shigar da ita gida.